Diragon a gidan haya: yadda za ka shiga kallon anime na barkwancin zaman mutane da dodanni

Wata ma'aikaciya a Japan ta tashi da safe kanta na sara saboda abin da ta kwankwaɗa daren jiya. Ta saɓa jaka, ta buɗe ƙofa za ta tafi ofis, sai ga kan wata ƙatuwar halitta ya toshe hanya, ido ɗaya kaɗai ya kusa kai girman ƙofar. Kafin ta gama tantance ko mafarki take, halittar ta rikiɗe ta zama budurwa sanye da kayan 'yan aiki, ta ce ta zo kama aikin da aka yi mata tayi jiya a kan dutse. Matar ba ta tuna ta yi wa kowa tayi ba. Suna cikin ja-in-ja ta kalli agogo, ta ga ta makara, sai ta tambayi baƙuwar ko tana iya tashi sama. Haka ta isa ofis ranar a bayan diragon, iska na neman yage mata fuska.

Da haka Miss Kobayashi's Dragon Maid ya fara, wanda kamfanin Kyoto Animation ya fitar a 2017. Duk abin da ake so a gane game da irin waɗannan shirye-shirye yana cikin wannan kallon agogon. Halitta mai iya ƙone gari ta sauka a gidanka, amma kuɗin haya na nan, wanki na nan, maigida a ofis yana jira. Wanda ya san nauyin saukar baƙon da bai faɗi ranar tafiya ba, ya riga ya san rabin barkwancin. Sauran rabin shi ne wannan jagora zai taimaka maka da shi, tun daga nemo shirin har zuwa abin da za ka yi idan ya ƙare.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

Anime, wato katun ɗin Japan, kogi ne, kuma abin da ya fi yawo a wayoyin mutane shi ne na faɗa, inda ake shafe kashi goma ana dambe ɗaya. Akwai kuma wani babban rukuni da ake kira isekai, inda ɗan'adam ke faɗawa wata duniya ta takobi da tsafi. Namu kishiyar wannan ne: halittar ce ke zuwa inda mutane suke, ko kuma dama can tana zaune a unguwa tare da kowa, tana shiga jirgin ƙasa, tana zuwa makaranta.

Idan za ka bincika a intanet, kalmomi uku za su kai ka. Ta farko slice of life, wato labarin rayuwar yau da gobe wanda babu wani babban tashin hankali a cikinsa. Ta biyu yokai, sunan da Japanawa ke kiran dodanni da ƙwanƙwamai na tatsuniyoyinsu. Ta uku iyashikei, shirin da aka yi shi don ya sanyaya zuciyar wanda ya dawo gida a gajiye. Haɗa ɗaya daga cikinsu da comedy ka nema a MyAnimeList ko AniList, shafukan da masu kallo ke tara bayanan kowane shiri. Rijista kyauta ce, kuma ko ba ka yi ba za ka iya karantawa.

Mataki na biyu: ka duba kafin ka kunna a gaban kowa

Da gangan na kawo wannan kafin zaɓen shiri, don ni na sha kunyarsa. Wani dare bayan isha'i na haɗa waya da talabijin a falo, ƙannena uku sun baje a kan darduma. Hoton shirin da na gani kyakkyawa ne, 'yan halittu masu manyan idanu suna murmushi, na ce ai katun ne. Minti bai kai bakwai ba aka shiga wani fage a wurin wanka, daidai lokacin da Inna ta ɗaga labule da kwanon tuwo a hannu. Ta tsaya, ta kalli allon, ta kalle ni.

"Kai, wannan wane irin katun ne?"

"Wallahi Inna ban san haka yake ba."

"To kashe. Ku kuma ku tashi ku kwanta."

Sati guda ƙannena na min dariya a ɓoye. Laifina ne, don ban duba ba. A Japan zane ba shi ke nuna cewa abu na yara ne ba. Yawancin waɗannan shirye-shirye da tsakar dare ake sa su a talabijin ɗin can, don samari da manya aka yi su, kuma littattafan zanen da aka ciro su daga ciki, wato manga, da yawa a mujallun manya suke fitowa.

Ga yadda nake yi yanzu. Na buɗe shafin shirin a MyAnimeList, na sauka inda aka rubuta rukunin shekaru. G na kowa ne, PG na yara, sai PG-13, sai R-17+, sai R+ wanda ke nufin akwai tsiraici. Kada ka saki jiki da PG-13, bakinsa da faɗi yake. Za ka samu shirin da za ka kalla da kakarka a ciki, za ka kuma samu wanda ko kai kaɗai sai ka waiga. Saboda haka sai na duba jerin kalmomin da aka liƙa wa shirin. In na ga ecchi, na san akwai wasa da surar jiki da gangan. In na ga harem, na san namiji ɗaya ne mata da yawa ke rububinsa, kuma galibi da ecchi suke tafiya. Monster Musume na 2015 shi ne fitaccen misali. Sunansa zai fara fito maka idan ka nemi labarin mutane da halittu a gida ɗaya, kuma ba na falo ba ne ko kaɗan. Ni dai na tsallake shi.

Bayan wannan, ka kalli kashi na farko kai kaɗai da iyafis. Sannan ka leƙa jerin sunayen sauran kashi-kashin ka nemo wanda aka je bakin teku ko wurin wankan ruwan zafi. Kusan al'ada ce a saka irin wannan a tsakiyar zango, wato jerin kashi-kashin da ake fitarwa a jere, ko da shirin mai kamun kai ne, kuma nan ne sutura ke raguwa. Sau da yawa tsallake shi ba ya rage komai a labarin.

Akwai kuma batun aƙida, wanda kowa shi ya san inda yake ja layi. Labaran suna fitowa ne daga ƙasar da addinin gargajiya na Shinto da addinin Buda suka ratsa al'adunta, saboda haka za ka ga wuraren bauta, za ka ji ana kiran wata halitta kami, wanda masu fassara ke mayarwa abin bauta. Wasu kuma suna aron sunayen shaiɗanu da mala'iku daga littattafan Turawa su yi wasa da su. Ni ina kallonsu yadda nake sauraron tatsuniyar Dodo, amma na san mutanen da ba za su zauna a gaban irin wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba. A ƙasa zan nuna inda abin ya fi fitowa, don ka zaɓa da idonka a buɗe. Barasa ma tana yawan bayyana, domin fita sha bayan tashi daga aiki ruwan dare ne a rayuwar ma'aikatan can.

Mataki na uku: zaɓi na farko

Kada ka sauke biyar a lokaci ɗaya. Ɗauki ɗaya, gwargwadon abin da ke ba ka dariya.

In kana son barkwancin talauci da neman na abinci, fara da The Devil Is a Part-Timer! na 2013, kashi 13, aikin kamfanin White Fox. Sarkin shaiɗanun wata duniya mai suna Ente Isla ne aka ci shi da yaƙi, ya tsere ta wata ƙofa shi da babban kwamandansa, suka faɗo Tokyo babu tsafi babu ko sisi. Suka kama ɗaki ɗaya a unguwar Sasazuka, ɗan ƙarami mai tabarma shida, domin da yawan tabarmar tatami ake auna ɗaki a Japan. Sarki ya sauya suna zuwa Sadao Maou, ya samu aikin wucin gadi a gidan sayar da boga mai suna MgRonald's, ya kuma ƙudurta cewa ta hanyar samun ƙarin girma a wurin aiki zai mallaki duniya. Kwamandan da ya jagoranci runduna ya koma mai riƙe da kuɗin cefane, yana ƙorafi a kan kowane kwabo. Jarumar da ta biyo su don ta kashe Sarki ita ma tsafinta ya ƙare, ta koma amsa kiran kwastomomi a wani kamfanin waya. Abin da ya sa nake sa shi a gaba shi ne Maou ma'aikacin kirki ne da gaske. Ranar da tukunyar suyar dankali ta lalace ana tsakiyar gasar ciniki, sai ka gan shi yana auna ko ya ƙarar da ɗan guntun tsafin da ya rage masa a kanta. Duk wanda ya taɓa jiran albashi ranar ashirin da biyar ga wata zai ga kansa a ɗakin nan. Sai dai shi ne wanda sunayen shaiɗanu da mala'iku suka fi yawa a ciki, har ana nuna wasu mala'ikun a matsayin mugaye. In wannan zai dame ka, wuce. Ci gabansa bai zo ba sai 2022, a hannun wani kamfanin, kuma a ganina bai kamo ƙafar na farko ba.

In kuma natsuwa kake so, da dariya jefi-jefi da ɗan abin da zai taɓa maka zuciya, to Natsume's Book of Friends, wanda aka fara a 2008 daga manga na Yuki Midorikawa. Natsume maraya ne da ke ganin yokai tun yana ƙarami, dangi suna ta miƙa shi daga gida zuwa gida saboda suna ɗaukarsa maƙaryaci. Ya gaji wani littafi daga kakarsa Reiko, wadda ta riƙa cin halittun nan a gasa tana karɓe sunayensu a rubuce, wanda kuma ya riƙe sunan shi ke da iko da mai sunan. Jikan ya ɗauki aniyar mayar wa kowa sunansa. Mai gadinsa wani babban dodo ne, Madara, da ya maƙale a siffar ƙatuwar mage mai kama da tulu, ana ce masa Nyanko-sensei. Yarjejeniyarsu ita ce in Natsume ya mutu littafin ya zama nasa, amma kullum ka gan shi yana bin kayan zaƙi ko ya dawo gida a buge. Wannan shi ne wanda na fi amincewa da shi a falo, ko da yake wasu fuskokin kan tsorata ƙananan yara. Kowane kashi labari ne mai zaman kansa, saboda haka ba ya ɗaure ka. Ya kai zango na bakwai a 2024.

Shi kuwa Dragon Maid da na buɗe da shi, shi ne ya fi kowa iya zane, kuma shi ne ya fi ba ni wahalar ba da shawara. Kyawunsa yana cikin ƙananan abubuwa. Tohru, diragon ɗin da ta zama 'yar aiki, tana wanke tufafi da miyaunta tana ganin gwaninta ta yi. Kullum tana neman dabarar cusa wa uwar ɗakinta Kobayashi naman jelarta a abinci. Ƙaramar diragon Kanna ta zo, gida ya yi kaɗan, aka shiga neman wani. Wutar lantarki ce abincin ƙarfinta, sai ta soka jela a soket. Kashin da aka je sayo mata jakar makaranta ya fi fina-finai da yawa nuna yadda mace marar aure, wadda ba ta saba da kowa ba, ke zama uwa ba tare da ta shirya ba. Amma akwai wasa da surar jiki, musamman inda wata diragon mai suna Lucoa ta fito, kuma wasu barkwancin da ake yi da ita da wani yaro ni ba sa min daɗi. Ga kuma Tohru da ke furta son Kobayashi ba ɓoye-ɓoye. Kalle shi kai kaɗai, yatsa a kan madannin tsallakewa. Zango na biyu ya fito a 2021, bayan harin gobarar da aka kai wa ɗakin aikin Kyoto Animation ranar 18 ga Yulin 2019, wanda ya kashe mutum 36, ciki har da Yasuhiro Takemoto da ya ba da umarnin zango na farko. Tatsuya Ishihara ne ya karɓi aikin.

Interviews with Monster Girls, shi ma na 2017, kashi 12, wata hanya ya bi. A duniyarsa an san da mutane masu siffar halittun tatsuniya, gwamnati ma tana tallafa musu. Malamin ilimin halittu ne a sakandare, Takahashi, yake zama da ɗalibansa uku yana tambayarsu yadda suke rayuwa. Ɗaya mai shan jini ce da hukuma ke ba ta leda guda a wata, ɗaya 'yar ƙanƙara ce da zafi ke kayar da ita, ɗaya kuma kanta a rabe yake da gangar jikinta, a hannu take ɗauke da shi, irin halittar tatsuniyar Ailan da ake kira dullahan. Tambayoyin da shirin ke yi su ne suka burge ni: yaya za ta riƙe jaka alhali hannu biyu na riƙe da kai? Me ya sa 'yan ajinsu ke kauce wa zancen, suna ganin ladabi ne, ita kuwa tana jin an ware ta? Wanda ke da ɗan'uwa mai lalura ta musamman zai gane inda aka dosa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne ɗalibai suna nuna sha'awar malamin, ga kuma wata malama da halittarta ke jan hankalin maza, duk da cewa shi malamin yana kama kansa.

Sauran a gurguje. The Helpful Fox Senko-san na 2019 labarin yanyawa ce mai shekara 800 da ta zo kula da wani ma'aikaci da aiki ke neman kashewa. Kusan babu abin da ke faruwa sai girki da barci, kuma ita daga wurin bauta aka aiko ta. The Eccentric Family na 2013 ya fi duka zurfi: a birnin Kyoto, dangin tanuki, wata dabba mai rikiɗa a tatsuniya, na zaune da mutane da dodanni masu fukafukai da ake kira tengu, kuma uban gidan wata ƙungiyar mutane ce ta dafa shi ta cinye a liyafar ƙarshen shekara. Ajiye shi sai ka saba. Idan fim guda kake so maimakon jerin shiri, akwai Pom Poko na Isao Takahata, 1994, inda tanuki ke yaƙi da masu share dajinsu don gina unguwar Tama a gefen Tokyo. Na shahararren kamfanin zane Studio Ghibli ne, amma ka sani tatsuniyar Japan tana wasa da marainan tanuki, kuma fim ɗin bai ɓoye ba.

Mataki na huɗu: inda za ka samu, da lissafin data

Crunchyroll ita ce babbar kasuwar anime ta halal, Netflix kuma tana da wasu, har da fina-finan Ghibli da ta fara nunawa a ƙasashe da yawa a 2020. Lasisi yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, yana kuma sauyawa, saboda haka kafin ka biya kuɗin wata ka rubuta sunan shirin ka tabbatar yana buɗewa a inda kake. Shafukan sata suna da yawa, kuma ban da haƙƙin masu zanen, tallace-tallacen da ke faɗo maka a cikinsu sun fi abin da kake gudu a mataki na biyu muni.

Kashi ɗaya kusan minti 24 ne, zango kuma 12 ko 13, wato wajen awa biyar ke nan gaba ɗaya. A waya ka sauke ingancin hoto zuwa 480p. Zane ba kamar fim ɗin mutane ba ne, launukansa a shimfiɗe suke, ba ya lalacewa sosai idan an rage, rubutun ƙasa ma yana karantuwa. In manhajarka tana ba da damar saukewa, yi da daddare lokacin garaɓasar data, ka kalla da rana.

Sai zaɓi tsakanin murya da rubutu. Sub na nufin muryar Japananci da fassara a rubuce a ƙasan allo, dub kuma an ɗora wata murya, kamar yadda ake yi wa fina-finan Indiya da Hausa. Shirye-shirye da yawa a Crunchyroll suna da rubutun Turanci da Faransanci da Larabci, saboda haka wanda ya yi karatu a Maradi ko Garwa ko Khartoum ba sai ya bi ta Turanci ba. Duba alamar saiti a gefen allo. Shawarata a barkwanci ita ce sub, domin rabin dariyar tana cikin yadda murya ke tashi da faɗuwa. Amma in karatun yana sa ka rasa abin da ke faruwa a fuska, ɗauki dub ba tare da jin kunya ba. Masu cewa wanda bai kalli sub ba bai kalli anime ba, ƙyale su.

Mataki na biyar: ka san halittun kafin su shigo

Marubutan suna ɗauka mai kallo ya san waɗannan halittu tun yana goye, yadda ba sai an gaya maka Gizo maƙaryaci ne ko Ƙoƙi matarsa ce ba. Idan ba ka san su ba, za ka ga an yi shiru ana jiran dariyarka, kai kuma ba ka ga abin dariya ba.

Kitsune ita ce yanyawa. Tana rikiɗa ta zama mutum, galibi mace, kuma yawan jelarta na nuna shekarunta, har zuwa tara. Abin da ta fi so a duniya shi ne aburaage, wanda ba komai ba ne illa awara da aka yanka siriri aka soya. Saboda haka in ka ga wata mace mai kamun kai ta rikice don an ajiye soyayyar awara a gabanta, an tona mata asiri ke nan. Tanuki dabba ce ta gaske, mai kama da ƙaramin kare mai baƙin zobe a ido. A tatsuniya shi ma yana rikiɗa, sau da yawa da ganye a ka, amma shi wawan wayo ne, mai son ci da sha, kuma in ya firgita jela kan fito ta ba da shi. Kappa ɗan ruwa ne mai ƙoƙon kunkuru a baya da ɗan faranti a tsakar ka; in ruwan farantin ya zube ƙarfinsa ya tafi, shi ya sa ake cewa ka rusuna masa, ladabi zai sa ya rama, ruwan ya tsiyaye. Kokwamba ce abincinsa. Tengu mai jan fuska ne da dogon hanci da fukafukai, ga girman kai, don haka tsohon tengu na The Eccentric Family da ciwon baya ya hana shi tashi, yana zaune a ɗakin haya yana masifa, abin dariya ne tun kafin ya buɗe baki. Oni shi ne ƙaton dodo mai ƙaho da kulki. A farkon Fabrairu ana bikin Setsubun, inda ake watsa gasasshen waken suya ana korar oni daga gida, kuma duk shirin da ke da oni a cikin 'yan gida sai ya yi wasa da wannan ranar. Yuki-onna kuwa matar ƙanƙara ce da ke daskarar da matafiya.

Mutumin da ya fi kowa dawo da waɗannan halittu idon jama'a a zamanin nan shi ne Shigeru Mizuki, mai GeGeGe no Kitaro, wanda aka fara nunawa a talabijin a 1968. A garinsu Sakaiminato akwai titi guda da aka jera gumakan tagulla na halittunsa. Masu shan jini kuwa, da diragon irin Tohru, aro ne daga tatsuniyoyin Turai.

Mataki na shida: ka kama salon dariyar

Barkwancin Japan da yawa a kan mutum biyu yake tsayawa, salon da suka gada daga wasan dandamali mai suna manzai. Ɗaya shi ne boke, mai faɗin shirme da fuskar gaskiya. Ɗayan tsukkomi, mai dawo da shi hanya da tsawa ko ɗan duka a ka. A shirye-shiryenmu halittar ce boke, ɗan'adam kuma tsukkomi. Tohru ta ce bari ta hallaka maƙwabta tunda suna damun uwar ɗakinta da hayaniya, Kobayashi ta ce a'a, ba tare da ta ɗaga murya ba. Dariyar tana wurin mai amsawa, don haka ka riƙa kallon fuskarsa. Da na gane wannan sai na daina jin tsawar tana min yawa.

Ka kuma saurari abin da ake liƙawa a ƙarshen suna, ko da fassarar ta yar da shi. San girmamawa ce ta yau da kullum, kamar Malam ko Malama. Chan na yara ne da na shaƙuwa. Sama na sarauta ne, kusa da ranka ya daɗe. Sensei malami ne ko likita. Idan kwamanda ya durƙusa yana kiran mai suyar dankali da laƙabin sama a cikin ɗakin da ko kujera babu, ka ga inda dariyar take. Ranar da wani ya kira wani da sunansa tsurarsa kuwa, babban abu ne ya faru tsakaninsu, ko da ba a ce komai ba.

Mataki na bakwai: kashi uku, sannan ka yanke hukunci

Masu kallo suna da wata al'ada ta ba kowane shiri kashi uku kafin su yar da shi, kuma a wannan rukuni tana da amfani. Kashi na farko gabatarwa ce, yawanci ya fi sauran hayaniya. Sai gida ya cika, baƙo na biyu da na uku sun iso, sannan shirin ke nuna ainihin halinsa. In ka kai na uku ba ka ji kana son sanin yadda mutanen gidan suka kwana ba, bar shi ka ɗauki wani. Kada kuma ka haɗiye zango guda a dare ɗaya. An yi su ne don a kalla ɗaya a mako, kuma in ka jera shida za ka fara ganin barkwancin yana maimaita kansa. Ɗaya ko biyu bayan cin abincin dare ya isa.

Waƙar buɗewa da ta rufewa kowace minti ɗaya da rabi ce. Kana iya tsallake su, amma ka ja zuwa ƙarshe ka duba, domin sau da yawa ana ɓoye ɗan guntun fage bayan waƙar rufewa. In ka ga an rubuta OVA, ƙarin kashi ne da ba a sa a talabijin ba. Kalle shi bayan ka gama zangon, kuma ka sake yi masa binciken mataki na biyu, don an fi sakin hannu a cikinsa.

Abin da zai ba ka haushi shi ne da yawansu ba sa ƙarewa. Ana yin zango ɗaya, a tsaya, labarin kuma ya ci gaba a littafi. Haka Senko-san ya tsaya a kashi 12, haka Interviews with Monster Girls bai samu zango na biyu ba. Idan ka kai nan, koma shafin shirin a MyAnimeList, ka duba sashen ayyukan da ke da alaƙa da shi, za ka ga sunan manga ɗin da aka ciro shi. Fara daga babi na ɗaya ko da ka kalli shirin, domin akwai abubuwan da aka tsallake. Manga daga dama ake karanta shi zuwa hagu, shafi da akwatunan zane da kumfar magana duka, saboda haka in ka buɗe ka ga kamar an ba da amsa kafin a yi tambaya, daga hagu ka faro. Koma kusurwar dama ta sama, yadda kake fara karatun allo.